ZAMAN ƘASAR WAJE: ABIN DA YA KAMATA MATAFIYI YA SANI

Wannan lacca ce da aka shirya domin ɗaliban azuzuwan manya na Gusau da Tsafe da Bungudu. An buga ta a nan saboda waɗanda ba su sami zuwa ba. Wanda ya karanta ya daure ya karanta wa maƙwabcinsa.



A yau da wuya a sami ƙauyen da ba shi da wani a ƙasar waje. Wani yana Makka, wani yana Gana, wani yana Libiya. Wani neman kuɗi ya kai shi. Wani kuma rashin zaman lafiya ne ya kore shi. Tun daga 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar saboda 'yan bindiga, aka sauke da yawansu a ƙauyukan Gidan Runji. To, yaya mutum zai zauna a ƙasar da ba tasa ba, ya tsira da mutuncinsa da dukiyarsa? Wannan ita ce tambayar laccar.

GUSAU TA SAN BAƘI

Mutanen Gusau ba sa bukatar a gaya masu yadda baƙo yake. A 1929 hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda. Jirgi ya kawo Yarabawa da Ibo da Kwara da Turawan kamfani masu sayen gyaɗa da auduga. Sabon Gari ya cika da baƙi. Dattawa sun ga waɗanda suka ji daɗin zama a cikinsu. Su ne waɗanda suka koyi Hausa, suka iya gaisuwa, suka zo suna da jana'iza, suka san girman sarki da malamai. Abin da ake so baƙo ya yi a Gusau, shi ake so ɗan Gusau ya yi a garin wasu.

DARASIN ZANGO

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sun gane wannan tun da daɗewa. Sukan tashi da jakuna ɗauke da kanwa da fata da tufafin rini. Sukan haye kogin Kwara, su ratsa Bargu, su yi watanni kafin su isa kasuwar Salaga, inda ake sayen goro. Ba wanda ke tafiya shi kaɗai. Ayari yana da madugu. In an isa gari, madugu ne zai fara kai gaisuwa wurin sarki. Bayan haka kowane falke ya sauka wurin mai gidansa. Mai gida shi ne zai ba shi masauki, ya yi masa tafinta, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in rigima ta taso.

Daga irin waɗannan masaukai ne unguwannin zango suka kafu a Kumasi da Ankara da sauran garuruwan Gana. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a cinikin goron Gana ya fara kafa jarinsa. Daga baya ya dawo Kano ya zama babban mai sayen gyaɗa. Ya rasu a 1955. Haka kuma Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda asalinsa Bahaushe ne, ya zama babban limamin ƙasar Gana a 1993. A 2019, yana da shekara 100, ya kai ziyara wani coci a Ankara don ƙarfafa zumunci da maƙwabta. Bai bar addininsa ba, kuma mutanen ƙasar suka ƙara ganin girmansa.

Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Ba ana nufin mutum ya yar da salla ko tarbiyyar gidansu ba. Ana nufin ya koyi harshen mutanen gari, ya san abin da suke so da abin da suke ƙi.

RANAR DA TAKARDA TA YI AIKI

Amma zaman lafiya da maƙwabta kaɗai ba ya isa. A ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Kofi Busiya ta Gana ta ba da oda. Ta ce duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban mutane suka kwaso kaya, cikinsu har da Hausawa da Yarabawa. Wasu a can aka haife su, ba su taɓa ganin Nijeriya ba. Mutane suka sayar da gidaje da rumfunan kasuwa a kan kuɗi ƙalilan, don ba lokacin ciniki. Mai takarda ya zauna, marar takarda ya hau mota.

Nijeriya ma ta yi irin haka. A watan Janairu 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takarda. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita, mafi yawansu 'yan Gana. Daga nan jakar nan ta leda ta sami sunan da ake kiran ta da shi har yau.

Ga kuma labarin Sudan. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas. Suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi, kusa da Sinnar. Hausawa da Fulani suka yi noman auduga a gonakin Jazira, suka hayayyafa, suka zama 'yan ƙasa. Duk da haka, a watan Yuli 2022 faɗa ya ɓarke a yankin Damazin tsakanin Hausawa da wata ƙabila a kan ƙasa da sarauta. Fiye da mutum 100 suka mutu. Wannan ya nuna cewa maganar fili da sarauta a ƙasar baƙunci tana son taka-tsantsan, ko da an yi shekara ɗari ana zaune.

TAKARDUN DA AKE BUKATA

Na farko, fasfo. Hukumar shige da fice ce kaɗai ke ba da shi, kuma sai mutum yana da lambar katin ɗan ƙasa. Mutum ya je ofis da kansa, don zuwa da kai ya fi saƙo.

Na biyu, biza. Biza iri-iri ce. Akwai ta ziyara, akwai ta Umra, akwai ta aiki. Kowace tana da ranar ƙarewa a rubuce. Wanda ya shiga Saudiyya da bizar Umra ba shi da izinin yin aiki. In ya zarce kwanakinsa ya zama takari. Kullum yana cikin ɓuya, ba ya iya kai ƙara in an cuce shi. In an kama shi sai tarhil, wato gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Mai zuwa aiki kuwa sai ya sami igama, wato katin izinin zama.

Na uku, katin rigakafin shawara, wanda ake kira katin rawaya. Ƙasashe da yawa sukan tambaye shi a bakin iyaka.

A Afirka ta Yamma akwai yarjejeniyar ECOWAS ta 1979. Ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama. A lura kuma, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar a watan Janairu 2025. Saboda haka mai zuwa can ya fara tambayar jami'an shige da fice abin da ake bukata a lokacin tafiyarsa.

HATTARA DA 'YAN KAI-KA-HUTA

Akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna cewa za su kai mutum waje ya sami aiki. Sai magidanci ya jinginar da gona ko ya sayar da shanun huɗa ya ba su kuɗi. Wasu mata kuma a ce masu aikin gida ne mai albashi mai tsoka. In an isa can sai a karɓe fasfo, a ce sai an biya bashin tafiya. Domin irin waɗannan ne gwamnati ta kafa hukumar yaƙi da fataucin mutane, wato NAPTIP, a 2003. Duk wanda aka yi wa irin wannan tayi yana iya kai mata rahoto, ko ya gaya wa hakimi.

Hanyar hamada kuwa ta ci rayuka masu yawa. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawa 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara. Motocinsu ne suka lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe su.

Wani tarkon shi ne saƙo. Kada matafiyi ya karɓi ƙunshin da bai ga cikinsa ba, ko da daga hannun ɗan'uwa ne. A Saudiyya hukuncin safarar ƙwaya yana kaiwa ga kisa. Goro ma, da ake ci a nan ba laifi, an hana shiga da shi can. Abin da yake halal a kasuwar Tsafe yana iya zama laifi a filin jirgin Jidda.

IN AN ISA, DA KUMA GIDA

Baƙo makaho ne ko da yana da ido. In mutum ya sauka, ya nemi sarkin zango ko shugaban 'yan Nijeriya na garin ya gabatar da kansa. Ya san inda ofishin jakadancin Nijeriya yake. Ya fara koyon gaisuwa da ƙirga da sunayen kuɗin ƙasar. Ya guji siyasar mutanen gari. Kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. A nan ne karatu ke ceton mai shi. Wanda ya iya karanta sunansa da kwanan wata zai san ranar da bizarsa za ta ƙare. Zai iya rubuta abin da ya aika gida da ranar da ya aika.

Kafin ya tashi kuma, magidanci ya bar wa iyali abinci da wakili. Ya faɗi wanda zai kula da gona a gaban shaidu. Ya bar hoton fasfonsa a gida. Ya riƙa bugo waya. Akwai matan da suka yi shekaru ba su san ko suna da aure ko ba su da shi ba, har sai da magana ta kai gaban alƙali. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Jama'a, tafiya ba laifi ba ce. Mutanen ƙasar nan sun je Gwanja, sun je Sudan, sun je Makka da ƙafa, da yawa sun dawo da ilimi da dukiya. Sai dai mai niyyar tafiya ya yi shawara da iyaye, ya nemi takarda ta hanyar hukuma, ya san wurin wanda zai sauka. In ɗaya daga cikin ukun nan bai samu ba, ya dakata tukuna.

Allah Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya, Ya ba jihar Zamfara zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.