Kafin Ku Sayi Tsohuwar Land Rover

Jama'a manoma, in kun haɗa kuɗi za ku sayi tsohuwar Land Rover don kwaso amfanin gona, kada kyan bodi ya ruɗe ku. Alminiyom ne, ba ya tsatsa. Shasin kuwa ƙarfe ne, laka takan maƙale ciki tsatsa ta cinye shi, musamman can baya. Samfurin Series III ma tun 1985 aka daina ƙera shi. To, a sa bakanike ya shiga ƙarƙashi ya ƙwanƙwasa da guduma. Ɗan yoyon baƙin mai halinta ne, amma na man birki, a'a! Ku nemi tsofaffin takardun binciken lafiyarta, ku gwada lambar shasi da ta takarda. In mai ita ya fara kame-kame, ku riƙe kuɗinku.