Kano ta Masana'antu: Jiran Gawon Shanu Ya Isa Haka

Jawabin da aka gabatar a madadin ɗaliban Gwarzo da Kabo a zauren taron ɗalibai



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan fili. Maganar da muka zo da ita ba mai daɗin ji ba ce, saboda haka muna roƙon a yi haƙuri a saurare mu har ƙarshe kafin a yanke mana hukunci. Mun zo ne mu faɗa a bainar jama'a cewa mun fid da rai ga dawowar Kano ta masana'antu, irin wadda iyayenmu suka sani, suka ci abinci a cikinta. Za mu kawo dalilanmu, sa'an nan mu faɗi abin da mu ke gani ya rage mana.

Watakila wani ya ce, ina ruwan ɗan Gwarzo ko ɗan Kabo da Bompai da Sharaɗa da Challawa, shi da ba ɗan birni ba? Amsar tana shimfiɗe a ƙofar wannan jami'a. Titin nan da ya taso daga Kabuga, ya bi ta Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo, ya shiga Gwarzo, ya zarce Dayi a Jihar Katsina, shi ya riƙa ɗaukar gyaɗarmu da fatunmu da samarinmu yana kai wa birni, ya komo mana da kuɗi. Idan injin ya tsaya a Sharaɗa, har tukunyar Getso da ta Garo sai ta ji a jikinta. Ke nan muna da bakin magana.

Bari mu ɗan waiwayi baya. Kano ba ta koyi sana'a daga Turawa ba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar saƙa da rini da jima sun kafu, tufafin Kano ana kai su har ƙetaren Sahara. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata suka tashi, dalar gyaɗa ta zama alamar gari. A 1957 aka buɗe babbar masaƙar Kaduna, audugar Arewa ta sami kasuwa a gida. A Kano kuwa, Bompai ce unguwar masana'antu ta farko. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo da shekarun da suka biyo baya, Sharaɗa da Challawa suka bi sahu. Aka sami masaƙu irin su Bagauda da Gaskiya, da injinan matse man gyaɗa, da majemu na zamani, da wurin haɗa kekunan Raleigh, da na haɗa manyan motocin Fiat.

Mu da mu ke tsaye a gabanku ba mu ga wannan zamani ba. An haife mu ne bayan wuta ta riga ta soma mutuwa. A bakin iyaye da kakanni muka ji labarinsa. Sun gaya mana cewa da an gama girbi, saurayi zai ɗauki 'yar jakarsa ya nufi birni, ya tsaya a ƙofar kamfani, sau da yawa ba ya daɗewa a ke ɗaukarsa. Wanda ya zo cin rani ya kan zama ma'aikaci na dindindin, mai albashi ƙarshen wata. Da wannan albashi aka yi wa gidaje da yawa rufin kwano, aka sayi keke da rediyo, aka aurar da ƙanne, aka tura yara makarantar kwana. Wanda ya zauna a gida shi ma bai rasa ba, domin ya san in ya noma auduga akwai fuloti da zai kai, akwai injinan gurza a Malumfashi da Funtuwa, akwai masaƙa tana jiran zare.

To, me ya faru? Rushewar ba ta zo rana ɗaya ba. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 su suka fara karya noman gyaɗa, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu a 1982, samun kuɗin waje na sayo kayan gyaran injina ya yi wuya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP. Naira da ta ke kusan kai ɗaya da dala ta faɗi, cikin wannan shekarar dala ɗaya ta kai wajen Naira 4. A shekarar ce kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da ta auduga. Manomi ya rasa mai ba shi iri mai kyau, ya rasa tsayayyen farashi, sai ya koma ga dawa da masara, abin da ko bai sayar ba zai ci.

Daga nan sai ƙofa ta buɗe wa kayan waje. Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, aka ɗage haramcin shigo da yadi a 1997. Ko da aka maido da hani daga baya, fasa-ƙwauri ta iyakar Nijar ya riga ya zama sana'a. A farkon 2005 yarjejeniyar da ta ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare, masaƙun Sin suka mamaye kasuwanni. Masaƙar Kaduna ta farko ta rufe a 2002, babbar ƙanwarta UNTL ta rufe a 2007. Masaƙun Kano da dama su ma haka suka bi, ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin duk wannan kuwa akwai ciwon da ya fi kowanne daɗewa, watau wutar lantarki. An sāke wa NEPA suna a 2005, an sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, amma mai masana'anta bai daina dogaro da janareto da man dizal ba. Yaya wanda ya ke sayen dizal zai yi gasa da wanda wutarsa ba ta ɗaukewa?

Jama'a, akwai kuma gaskiya guda biyu da ba mu cika son faɗa ba. Ta farko, waɗancan masana'antu saiwarsu ba ta yi zurfi ba. Injinan na waje ne, kayan gyaransu na waje, sinadaran rini na waje. Katangar kwastan da arhar dala su suka riƙe su, da aka janye sai suka zube. Ta biyu, mu ma da hannunmu a ciki. Kantin Kwari na nan cike maƙil da jama'a, amma a shiga a duba bandir nawa ne aka saƙa a Kano. Attajirin da ya ga ribar sarin kaya daga Sin ta fi ta kafa masaƙa, ba zai kafa ba. Mu kuma da Salla ta zo, mai arha mu ke nema. A 2015 marina suka yi zanga-zanga a Kano saboda kayan Sin sun kashe musu kasuwa, aka saurare su, ciniki ya ci gaba yadda ya ke.

Alkawari kuwa, mun sha shi har ya ginshe mu. Wajen 2009 zuwa 2010 aka ware Naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don farfaɗo da auduga da masaƙu. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi kuɗin waje, a 2023 aka janye hanin. A watan Yuni na 2020 aka ƙaddamar da aikin bututun iskar gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, aka ce shekara biyu zai ɗauka. Shekara biyun suka cika ba a gama ba. A Janairun 2023 aka buɗe tashar wutar hasken rana mai ƙarfin megawat 10 da tashar tsandauri ta Dala. Abin a yaba ne, amma megawat 10 a garin miliyoyin mutane, kamar ɗigon ruwa ne a bakin mai ƙishirwa. A watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, a 2024 dala ta haura Naira 1,500, a watan Afrilu kuma kuɗin wuta na rukunin da a ke kira Band A ya ninka fiye da sau uku. Duk lokacin da aka ba mai masana'anta abu da hannun dama, sai a karɓe da na hagu.

Muna da wani dattijo a wajenmu, wanda ya yi shekaru masu yawa a gaban injin saƙa a wani kamfani da ba sai mun ambaci sunansa ba. Ranar da aka rufe, aka ce musu na ɗan lokaci ne. Har yau katin shaidar aikinsa da takardar haƙƙinsa da ba a biya ba suna naɗe a leda a ƙarƙashin adakarsa. Duk sa'ad da rediyo ta ce za a farfaɗo da masaƙu, sai ya ciro su ya duba. 'Ya'yansa kuwa, ɗaya ya yi acaɓa a birni har aka hana a 2013, ya koma jan adaidaita sahu ta wani, ɗaya yana tura baro a Abuja. Irin wannan sa rai ne mu ke cewa mun ajiye, domin shi ya zaunar da mutum shekara ashirin a inuwa yana jiran kira.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce yanke ƙauna ba halin Musulmi ba ne. Haka ne, kuma haka malamanmu suka karantar da mu. Amma fid da rai daga rahamar Allah daban, fid da rai daga alkawarin ɗan siyasa daban. Na farko saɓo ne, na biyu kuwa hankali ne. Za a kuma ce ai wasu garuruwa sun faɗi sun tashi. Mu duba da kyau. Mancesta ta Ingila, wadda ta tufatar da rabin duniya, ta farfaɗo, amma ba da saƙa ba, da jami'o'i da wasu sana'o'i ta tashi. Ditroit ta Amurka, garin motoci, tana da mutum wajen miliyan 1.8 a 1950, a 2013 hukumar birnin ta bayyana cewa ta tsiyace, a ƙidayar 2020 mutanenta ba su kai 700,000 ba. Ko a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, tsohuwar sana'a ba ta cika komowa yadda ta tafi ba. Bugu da ƙari, injin saƙa na yau mutum kaɗan ya ke bukata. Ko gobe aka buɗe masaƙa sabuwa fil a Challawa, ba za ta kwashi dubban samari a ƙofa kamar da ba.

Kada kuma a fahimce mu cewa Kano ta mutu. Injinan casar shinkafa suna aiki, masu roba suna aiki, wasu majemu suna nan, kasuwar Dawanau na tara hatsi daga ko'ina, masu takalma da maɗinka ba su ajiye kayan aikinsu ba. Abin lura shi ne, yawancin waɗanda suka rayu suna da kasuwa a kusa, wasunsu kuma kayan aikinsu a gonakinmu a ke noma su. Darasin ke nan ga ɗan Gwarzo da ɗan Kabo. Ga madatsar Guzu-Guzu a ƙasar Kabo, ga ta Challawa a maƙwabciyarmu Ƙaraye, ruwa kwance. Ga iyayenmu mata da suka gāji matsar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da hannu. Ga tumatir da ya ke ruɓewa a kaka don babu wurin adanawa. Ƙaramin inji mai aiki da hasken rana, mallakar ƙungiyar mutum ashirin a ƙauye, ba zai shiga labaran rediyo ba, amma ba sai an jira bututu daga Ajaokuta ba kafin ya tashi.

Saboda haka muna da roƙo uku. Na ɗaya, ga 'yan'uwanmu masu karatun injiniya da aikin gona da tattalin arziki: ku ɗauko aikin bincikenku na shekarar ƙarshe daga matsalolin garuruwanku, ya zama abin da maƙeri ko manomi zai iya amfani da shi. Na biyu, idan an yi hutu, kowannenmu ya nemi tsohon ma'aikacin masana'anta ɗaya a garinsu, ya zauna ya rubuta abin da ya sani, domin sanin da ke kansu yana tafiya tare da su kabari. Na uku, duk ɗan takarar da ya zo Gwarzo ko Kabo ya ce zai farfaɗo da masana'antun Kano, kada mu tafa masa sai ya amsa mana: wutar daga ina, nawa ne kuɗinta, audugar wa zai noma, wa kuma zai tsare iyaka? In ya kasa amsawa, mu gode masa, mu koma bakin aikinmu.

Malam Shugaba, Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune. Iyayenmu sun jira, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin sun ga abin da idonsu, suna da dalilin tsammanin dawowarsa. Mu ba mu da wannan uzuri. In Allah Ya sa muka ga ranar da Bompai da Sharaɗa suka cika da ma'aikata kamar da, mu ne za mu fara zuwa mu ce mun yi kuskure, da farin ciki kuwa. Kafin nan, muna roƙon kowa ya kama abin da hannunsa ya kai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa iyayenmu da alheri, Ya sa mu gama karatu lafiya mu amfani garuruwanmu.