ARZIKIN DA KE ƁOYE A FAKO DA GANGAREN TUDU

  

Mai girma shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, 'yan'uwa 'yan asalin Mashi da kuka zo daga Kano, Kaduna, Abuja da Legas.

Na shafe shekarun aikina da alli a hannu, amma sai bayan na ajiye aiki na tsaya na tambayi kaina daga ina allin nan yake fitowa. Amsar da na samu ita ce maƙasudin jawabina na yau.

Manomin ƙasarmu ya san jigawa, ya san jangargari da laka, ya san fadama. Wadda bai cika kulawa da ita ba ita ce ƙasar fako da ta gangaren tudu, wadda garma ba ta shigarta, sai dai a bar wa awaki. To, a wasu sassan ƙasar Hausa, irin wannan wuri ne yake ɗauke da wani ma'adini da ake kira jibsam, wanda da shi ake yin yawancin allin makaranta.

Jibsam fari ne, wani lokaci yana ƙyalli kamar fasasshen gilashi, kuma yana da taushi har farce na iya karce shi. Ruwa yana narkar da shi a hankali, kimanin giram 2 a kowace lita. Shi ya sa ake samunsa a saman ƙasa a wurare masu ƙarancin ruwan sama, kamar Iraƙi da Siriya da Somaliya, domin inda damina take da yawa tuni ruwa ya wanke shi.

Misali mafi kusa da mu shi ne ƙasar Sakkwato. Masana sun tabbatar da cewa fiye da shekara miliyan 60 da suka wuce teku ta taɓa rufe wannan yanki, ta kuma bar laka mai jibsam a tuddan Wurno da Dange. Mutanen ƙauyuka suna tono shi da hannu su sayar. Kamfanin siminti na Kalambaina, wanda ya fara aiki a 1967, yana buƙatarsa, haka ma na Malbaza da ke jihar Tawa a Nijar. Dalili kuwa shi ne, in ba a zuba kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari na jibsam a siminti ba, kwaɓin zai sandare tun magini bai ɗauki cokalinsa ba.

Amfaninsa na biyu kuna ganinsa a gidajenku na birni. Silin ɗin nan mai ado da ake kira POP jibsam ne aka gasa a zafin digiri 150 ko kusa da haka, har ruwan jikinsa ya fita ya zama gari. Da shi kuma likitoci suke ɗaure karaya.

Na uku ya shafi noman gyaɗa. Gyaɗa tana tsotsar sinadarin kalshiyam ta jikin ɓawonta kai tsaye daga ƙasa, kuma in ya yi ƙaranci, sai a fasa ɓawo a tarar babu ƙwaya. Takin sufa da iyayenmu suka yarda da shi, kusan rabinsa jibsam ne. Haka nan, gonar da kanwa ta lalata har ruwa ba ya nutsewa, in an watsa mata jibsam takan saki.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. In jibsam ya yi yawa a gona, ƙasar ba ta riƙe ruwa sosai, hatsi ba ya yin kyau, sai ciyawa jefi-jefi da ƙayoyi. In aka yi gini a kanta kuma ruwa ya riƙa kwanciya a gindin bango, ƙasar tana narkewa a ƙarƙashi, harsashi ya zauna, bango ya tsage.

'Yan'uwa, abin da ya kawo ni ga Mashi shi ne wannan. Jiharmu ta Katsina ta riga ta ga darasi a Ƙanƙara, inda farar ƙasar da mata suke shafe ɗaki da ita ta zama hajar da masana'antu suke nema. Mu kuwa muna sayar da fako a kan kuɗi kaɗan, ko mu bar masu tifa su kwashe gangaren tudu, ba tare da mun san abin da ke ciki ba. Bayan sun tafi, ramin ya zama kududdufi mai cin yara, zaizaya ta bi gonakin da ke ƙasa, makiyayi kuma ya rasa wurin kiwo ya faɗa gonar manomi. Kun san abin da ke biyo bayan haka.

Don haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku. Na farko, a kafa kwamiti daga cikin 'ya'yanmu da suka karanci aikin gona da ilimin ma'adinai, su ɗebi samfurin ƙasa daga kowace gunduma, a kai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, a auna. Na biyu, duk ɗan birnin da ya gaji fili, kada ya sayar ta waya. Ya zo ya taka shi da ƙafarsa, ya shawarci dattawan gida. Na uku, a haɗa kai da hakimi da dagatai a keɓe wuraren ɗibar ƙasa, a kare burtali da makiyaya, kuma wanda ya haƙa rami a tilasta masa ya cike.

Ko awon ya nuna ma'adini ko bai nuna ba, za mu san inda ya dace da noma, inda ya dace da gini, da inda ya kamata a bar wa dabbobi. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma sayar da gado cikin jahilci muguwar rawa ce.

Allah ya albarkaci ƙasarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kowa gidansa lafiya.