Uba da tsayawa kan gaskiya: darasi daga littafin «Sarauniya»



Maganar yau a kan littafin marigayi Abdulaye Mamani ce, wanda aka haifa a Gudumariya a 1932, ya wakilci Zinder a majalisa ƙarƙashin tutar Sawaba, ya sha gudun hijira, ya sha ɗauri, ya rasu a haɗarin mota a 1993. Littafinsa «Sarauniya» ya fito da Faransanci a 1980, Med Hondo ya mai da shi sinima a 1986.

Labarin na 1899 ne, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, tana karkashe jama'a, kamar yadda ta yi a Birnin Konni, don ba ta ɗauki baƙar fata a bakin mutum ba. Sarakuna da dama sun miƙa wuya. Sarauniyar Lugu ta ƙi. Galibin masu karatu a kanta suke tsayawa, su manta da Dawa, aminin mahaifinta, wanda ya rene ta, ya koya mata harbin kibiya da sanin itatuwan magani. Ranar da bindiga ta iso ƙofar Lugu, tarbiyyar da ya dasa ce ta hana ɗiyar durƙusawa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A Amurka ma akwai irin wannan uba, a littafin Harper Lee na 1960, «To Kill a Mockingbird». Lauya ne farar fata, Atticus Finch, a jihar Alabama, wanda ya karɓi kare wani baƙar fata, Tom Robinson, da aka yi wa ƙazafin fyaɗe. Ya san ba zai ci shari'ar ba, kuma bai ci ba. Mutanen garinsu sun zage shi, sun zagi ƴaƴansa. Duk da haka ya zauna da dare a ƙofar gidan kaso don kada a kashe mutumin kafin shari'a. Dalilinsa shi ne, in ya janye, ba shi da sauran bakin yi wa ƴaƴansa faɗa.

Jaruntar Atticus ta fi wuya ta wani gefen, domin danginsa da maƙwabtansa ya fuskanta. Tsayawa gaban baƙo ana yi wa mutum kirari; tsayawa gaban nasa kuwa, zumunci da abinci yake sa wa a cikin haɗari.

Zinder ta san ɗacin zargi. A 1906 Faransawa suka tuhumi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makirci, suka tuɓe shi, suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. Wanda ke da ƙarfi shi ya yi ƙara, shi kuma ya yanke hukunci.

Mulkin mallaka ya ƙare tun 1960, amma jarrabawar tana nan. Ma'aikacin da aka miƙa wa takardar ƙarya ya sa hannu don a danne marar gata, da ɗan kasuwar da aka nema ya ba da shaidar zur don wanda ake tuhuma ba ɗan jam'iyyarsu ko ɗan ƙabilarsu ba ne, kowannensu yana da ƴaƴa a gida. Yaro ba ya riƙe wa'azin uba kamar yadda yake riƙe abin da ya ga uban ya aikata ranar tsoro. Ƙin sa hannun na iya jawo canjin wurin aiki ko asarar ciniki, wannan gaskiya ne. Sai dai uban da ya sa hannu, gobe da wane baki zai ce wa ɗansa kada ya yi ƙarya?

Allah ya ba iyaye ƙarfin zuciya.