Fitilar Baya: Ado ko Tsaro?



A shekarun 1930 ne samarin kudancin Kalifoniya ta Amurka suka soma al'adar hot rod, wato su sami tsohuwar mota, su rage mata nauyi, su ƙara wa injinta ƙarfi. Wajen fitilar baya kuwa, magina irin wannan mota sun fi ƙaunar ta Ford 1939 mai siffar ɗigon hawaye, ko zagayayyiya ta Pontiac 1950.

To amma mu lura. Waɗannan fitilu ƙanana ne, kuma domin batir mai bolt 6 aka yi su. Idan motar ta koma bolt 12, wajibi ne mu sauya ƙwan, in ba haka ba ya ƙone. Idan jikinta na faiba ne, sai mun ja waya daga fitilar zuwa ƙarfen shasi, domin faiba ba ya ɗaukar wuta. Ƙwai mai zare biyu za mu nema, ɗaya na tafiyar dare, ɗaya mai ƙarin haske na birki.

Direban da ke biye da mu cikin duhu, wannan jan hasken kaɗai yake gani. Kada son ado ya sa mu rage masa shi.