Kafin ka ɗauko kare, wa zai wuni da shi?

 

Yau maganar kare za mu yi. Tun da sace-sace suka yi yawa tambayar nan take ta dawowa: mutum yana da sito cike da kaya, ko 'yan tumaki a bayan gida, shi kuma ba mazauni ba ne, ya fita da asuba sai bayan isha'i, wani ma sai ya kwana uku ko huɗu a hanya. Shin ya ajiye kare don gadi?

To, malam, kafin ka tambayi kuɗin kwikwiyo, ka tambayi kanka abu ɗaya: wa zai wuni da shi? Ina nufin mutum guda, mai suna, wanda idan kaskon ruwan kare ya bushe shi za a kira. Idan ka ce "ai akwai yara a gida", ba ka ba da amsa ba tukuna. Yara suna makaranta, suna talla, suna wasa, kuma kowa a cikinsu yana zaton ɗan'uwansa ya riga ya zuba.

Da yawanmu muna ɗaukar kare kamar kwaɗon ƙofa, ka saya, ka rataya, ka tafi. Kwaɗo ba ya jin ƙishirwa. Kai ka san Garuwa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi yake wuce awo 40, har inuwar dalbejiya ma sai a hankali. Kare ba ya yin gumi a jiki irin namu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa kake ganin harshensa a waje. Idan aka ɗaure shi da sarƙa a gindin katanga da safe, wurin yana da inuwa, amma kafin azahar inuwar ta koma ɗaya gefen, shi kuma sarƙa ba ta kai can ba. Ya ja, ya ja, ya kifar da kaskon ruwan. Mai gida yana kasuwar Pitowa ranar Lahadi yana ciniki, bai san abin da ke faruwa ba. Wuni ɗaya irin wannan ya isa ya kashe kare.

Wanda bai mutu ba kuma, halinsa ne yake lalacewa. Karen da ya tashi a kan sarƙa dare da rana, ba ya ganin kowa sai mai jefa masa ƙanzo, tsoro ne yake cika shi, kuma kare mai tsoro shi ne mai cizo. Ba ya bambanta ɓarawo da almajirin da ya shigo neman ruwa. Haushinsa ma ba ya da amfani, don ya saba yin sa a kan komai, har maƙwabta sun daina ɗaga kai idan sun ji. Ranar da ɓarawon gaske ya haura katanga, sai kowa ya juya kwanciya ya ce karen wane ne ya fara.

Wani kuma sai ya ce to ni ba zan ɗaure ba, in na fita na sake shi ya nemi abinsa. Nan ne babbar matsalar take, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe.

Karen da aka saki yana neman abinci da kansa, bola zai je, da kwata, da bakin Binuwai inda ake gyaran kifi. Can zai haɗu da karnukan da ba su da mai su, a yi faɗa, a ciji juna. Ta haka ciwon haukan kare yake shiga gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu daga kare suka samo shi. Huɗu cikin goma na waɗanda irin waɗannan karnuka suke ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ka ga ke nan yaran da ka ce za su kula da karen, su ne a gaba.

Mugun halin ciwon nan shi ne ɓoyewa. Wurin cizon ya warke, an manta, sai bayan wata biyu ko uku, wani lokaci ƙasa da haka, wani lokaci ya kai shekara, mutum ya fara zazzaɓi, ya fara firgita, a miƙo masa ruwa ya kasa haɗiya. Idan aka kai nan, kusan babu mai tashi. Amma kafin alamun su fito, ana tare shi sarai. Saboda haka ka gaya wa duk wanda yake gidanka, tun kafin ka kama hanya: idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a duba agogo, kada a yi shafa-shafa a tashi. Kada a zuba toka ko barkono, kada a ɗaure da tsumma a ce a jira mai gida ya dawo daga Mbaimbum. A tafi asibiti ran nan. Allurai ne ake yi a jere cikin kwanaki, kuma dole a cika su. A nan Garuwa akwai reshen Cibiyar Pasteur, sunan mutumin Faransa da ya fara yi wa wani yaro wannan rigakafi a 1885. Na ƙauye ya fara da asibitin da ya fi kusa, su za su nuna masa inda zai samu.

Karen da ya yi cizon kuma, idan za a iya kulle shi ba tare da ya ciji wani ba, a kulle shi a kira malamin dabbobi. Ana sa masa ido kwana 10 zuwa 15. Idan an riga an kashe shi, kada a feɗe, kada a sayar, kada yara su ja shi a ƙasa. Malaman dabbobi suna bukatar kansa don gwaji.

Makiyayi, kai ma wannan ta shafe ka fiye da yadda kake zato, don saniya ma tana kamuwa. Za ka ga tana ta kuka ba dalili, yawu yana dalala, ta kasa haɗiya kamar wani abu ya maƙale mata a wuya. Abin da kowane makiyayi zai fara yi shi ne ya zura hannu cikin bakinta ya laluba. Don Allah kada ka yi haka da hannu tsirara, musamman in ka san kare ko dila ya shiga garken a watannin baya. Hannun makiyayi ba ya rasa tsaga, cutar kuma cikin yawun take.

Maganin duk wannan allura ɗaya ce ga kare, idan ya kai wata 3, sannan a riƙa sabuntawa kamar yadda malamin dabbobi ya rubuta a kati, galibi shekara-shekara. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin allurar mutum ba. Kuma abin yana aiki, mun gani kusa da mu. A Injamena, a 2012 da 2013, an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura har aka wuce kashi 70 cikin 100, ciwon ya lafa a birnin na wani lokaci, sai daga baya ya sake shigowa ta karnukan da ke zuwa daga waje. Wannan darasi namu ne mu mutanen iyaka, don kare ba ya tsayawa a shingen duwan. Mu da muke da LANAVET a Bokle, inda ake yin alluran rigakafin dabbobi, mun saba kai shanu layi a yi musu allura, amma kare sai a bar shi a baya. Ofishin ma'aikatar kiwo da kake zuwa don shanunka, nan za ka tambayi ta kare. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, a saurari sanarwa wajen lokacin.

To mu koma kan tambayarmu, wa ya dace ya ajiye, wa ya dace ya haƙura?

Makiyayi shi ya fi kowa sauƙi, don aikinsa da na karen ɗaya ne. Yana aiki wuni zubur, amma karen yana gefensa. Abin da zai kiyaye shi ne farkon tashin kwikwiyo. A bar shi da uwarsa har mako 8, sannan a sa shi cikin 'yan tumaki ko maruƙa, ya kwana da su, ya saba da warinsu, musamman daga nan zuwa mako 16. Wanda ya tashi haka garken yake ɗauka danginsa. Wanda ya tashi a hannun yara ana wasa da shi a bakin bukka, bukkar zai tsare. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya karnukan gadi irin na Turkiyya a kan wannan tsari, don kare awaki daga namun daji. Kada kuma ka yi gaggawa, kare ba ya zama abin dogaro sai ya wuce shekara, wani sai ya kusa biyu. Masu kiwo kusa da dajin Binuwai da Faro da Buba Njida sun san amfaninsa a kan kura. Amma mu faɗi gaskiya, a kan masu bindiga, irin masu satar mutane da suka addabi yankin Mayo Rey, iyakar abin da kare zai yi maka shi ne ya tashe ka da wuri.

Mai shago da ke fita daga Yelwa ko Jambutu da safe ya dawo da dare, shi ma zai iya, in har akwai babba a gida da ya yarda. Na ce ya yarda. Kada ka ɗauko kare ka ajiye wa uwargida alhali ita ƙyamarsa take yi, tana tsoron ya taɓa mata kwanuka da tabarmar salla. A zauna a yi magana tukuna. Kuma shawarata gare ka, ka nemi kare da ya ɗan tasa, wanda ka san gidan da ya fito da katin allurarsa. Ƙaramin kwikwiyo yana cin abinci sau uku ko huɗu a rana, wanda ba ya gida awa goma sha biyu ba zai iya masa ba. Na bakin hanya da ba a san asalinsa ba, ko kyauta aka ba ka, bar shi. Ka kewaye masa wuri mai inuwar da ba ta gushewa, a binne gindin kaskon ruwa a ƙasa don kada ya kife, da dare a sake shi cikin gida ƙofa a rufe. In ka dawo, ko minti goma ne ka tsaya ya gan ka, ya ji muryarka. Kare wanda yake ciyar da shi yake yi wa gadi.

Sai ɗan kasuwar da ke bin Gashiga da Damsa ya tsallaka Belel, ko mai lodin jirgin ruwa zuwa Yola da damina, ko mai zuwa Tuboro ya yi mako. Idan gidanka ko sitonka kulle shi kake yi ka tafi babu kowa, wallahi kare ba naka ba ne. Kuɗin tsakinsa da allurarsa da diyyar akuyar maƙwabci da zai kama wata rana, ka haɗa su ka ƙara ƙarfe a ƙofa, ko ku 'yan layi ɗaya ku haɗa hannu ku ɗauki mai gadi. Idan mai gadin yana da karensa da yake ciyarwa da kansa, to madalla, an sami wanda zai wuni da shi.

Wani zai ce ina matsayin addini. Malamanmu sun yi bayani cewa an yarda a ajiye kare don kiwo da gadin gona da farauta, gadin gida kuwa ka tambayi malaminka ya warware maka. Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne haƙƙin dabba. Duk mun ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta masa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Wanda ya ɗaure ya tafi Mubi ya tuna da na farkon.

Bari in taɓa abinci kaɗan, don nan ma ana yin ɓarna ba a sani ba. Tuwo, tsaki, ragowar nono, ƙanzo da ɗan romo, duk sun yi. Abin gudu shi ne ɗanyen kayan ciki. Idan an yanka dabba aka ga hanta ko huhu da ƙulli mai ruwa a ciki, al'adarmu a jefa wa kare. Haka kan tunkiyar nan da take ta juyawa wuri ɗaya har aka gaji aka yanka ta. To ƙullin nan 'ya'yan tsutsa ne. Kare ya ci, tsutsar ta girma a cikinsa, ya yi kashi a makiyaya, tumaki su ci ciyawar, ciwon ya dawo garkenka. Ta hanta da huhu har mutum tana kamawa. A binne da zurfi ko a ƙona, a kuma riƙa ba karen maganin tsutsa daga wajen malamin dabbobi. Masu zama bakin ruwa, wajen Lagdo har zuwa Logon, ku binne hanjin kifi. A Cadi an sami karnuka fiye da 1,000 da kurkunu a 2016, masu bincike kuma sun fi zargin ɗanyen kifi da hanjinsa, an kuma ga irinsa a wajen Gere a can arewa mai nisa.

In karya ce ka ɗauko, ka sani cikinta wata biyu ne da 'yan kwanaki, kuma ba ɗaya take haifa ba. 'Ya'yan da ba ka shirya musu ba su ne karnukan bolar baɗi. Ka yi magana da likitan dabbobi tun da wuri a kan hana ta haihuwa.

Masu tashi da garke zuwa tsallake idan rani ya yi, ku sa katin allurar kare cikin jaka ɗaya da takardun shanu. Idan karenka ya ciji wani a garin da ba a san ka ba, katin nan ne zai fara yi maka magana a gaban jauro ko jandarma.