Ɗibar Jini A Asibiti: Horo Da Takardar Shaida

Jama'a, duk wanda aka taɓa aikawa gwajin jini ya san ma'aikacin nan da ke ɗaure dantse, ya lalubi jijiya, ya soka allura. Aikin ba ya ɗaukar lokaci, shi ya sa waɗansu ke zaton kowa ma zai iya. To, ba haka ba ne.

Tun shekarar 1901 Karl Landsteiner ya gano cewa jinin 'yan Adam rukuni-rukuni ne. Idan mai ɗiba ya rubuta sunan wani a kwalbar wani, aka bi wannan kuskure aka ƙara wa mai rukunin O jinin rukunin A, yana iya rasa ransa. Saboda haka ake koya wa ɗalibi ya tambayi majiyyaci sunansa, ya kuma rubuta a kwalba nan take a gabansa. Ana koya masa kada ɗaurin dantse ya wuce minti ɗaya, domin yana ɓata sakamakon gwaji. Allura kuwa sau ɗaya ake aiki da ita, sa'an nan a jefa ta cikin akwatin da aka tanada ba tare da an mayar mata da murfi ba, gama nan ne ma'aikata kan soke kansu, su ɗauki ciwon hanta ko ƙanjamau.

A Nijeriya ana koyon wannan aiki cikin horon ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, a makarantun koyon aikin lafiya na jihohi da kuma makarantar Gwamnatin Tarayya da ke Jos. Wanda ya gama sakandare da kyakkyawan sakamako a Turanci, lissafi da darussan kimiyya yana iya neman shiga. Horon shekara 3 ne, a aji da kuma a asibiti ƙarƙashin idon ƙwararru.

Majalisar Kula da Aikin Gwaje-gwajen Asibiti, watau MLSCN, wadda dokar 2003 ta kafa, ita ke yin jarrabawar ƙarshe, ta yi rajista, ta ba da lasin. Lalle iyaye su bincika ko majalisar ta amince da makaranta kafin su biya ko kwabo. Wanda ya fito daga makarantar da ba ta amince da ita ba, ba za a yi masa rajista ba, komi yawan kuɗin da ya kashe.